Godiya bayan taron ranar 15 ga Fabrairu

Assalamu alaikum. Mu likitoci da ma'aikatan jinya na sashen yara masu ciwon daji muna godiya ga duk wanda ya amsa gayyatarmu ranar 15 ga Fabrairu, ranar da duniya ta ware wa yaran da ke fama da wannan cuta. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga iyayenmu ungozomomi da wanzamai, da suka zauna har aka tashi. Tambayarku ce ta fi ɗaukar lokaci: tsiron da ke leƙowa daga gaban ƙaramar yarinya, ba angurya ba ce? Ba kullum ba. Akwai dajin tsoka da ake kira rabdomayosakoma, ba kasafai ake ganinsa ba, yana fitowa a gaban yara mata, galibi 'yan ƙasa da shekara 5. Kamar curin inabi yake, mai laushi, ja-ja. Wani lokaci ma ɗigon jini a kamfai ne kaɗai alama. Aska ba ta gamawa da shi, domin saiwarsa tana can ciki. In an yanka sai jini ya ɓalle, wurin ya yi ruwa, tsiron ya sake tohowa, ga watanni sun tafi a banza.

A asibiti, ana sa yarinyar barci a duba ta, a ɗan gutsiri tsokar a kai ɗakin gwaji, a ɗauki hoton mara da na ƙirji saboda yana iya yaɗuwa zuwa huhu. Sai alluran maganin daji, yawanci iri 3 a haɗe, ana maimaitawa duk bayan mako 3 na tsawon wata 6 ko fiye. A yau ba kasafai ake cire mahaifa ba, kuma mafi yawan waɗanda aka kawo da wuri suna warkewa.

Matasan da suka ba da jini, mun gode ƙwarai. Kwana 7 zuwa 14 bayan allura jinin yaran nan yake yin ƙasa, lokacin ne ledarku take amfani.

Iyaye, Allah ya ƙara haƙuri. Zazzaɓi in ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki, a kawo yarinyar ko da tsakar dare ne, kada a tsaya ga farasitamol. In tsiron ya motse bayan zagayen allura biyu ko uku, ba a gama ba tukuna, a dawo ranar da aka rubuta a kati.