Yadda na dawo da ƙuri'ata Gusau, da kuskuren da na jawo wa ƙanena

Na fara yin rajistar zaɓe a farkon shekarar 2011, a makarantar firamaren garinmu da ke yankin Dansadau cikin ƙaramar hukumar Maru, lokacin da masu yi wa ƙasa hidima suka zo da kwamfuta da ƙaramin janareta suka zauna a barandar aji. Daga baya aka ba mu katin roba na dindindin, kuma da shi na kaɗa ƙuri'a a 2015 da 2019. A damina ta 2021 hare-haren 'yan bindiga suka tilasta mana barin gari, muka kama haya a Tudun Wada ta Gusau, ni da iyalina da Inna da ƙanwata, sai kuma wani ƙanena ɗan baffana da ya biyo mu bayan wata biyu. Katin ya taho tare da ni a cikin ledar takardun makaranta, amma a raina na riga na yanke cewa amfaninsa ya ƙare, tunda rumfar da aka rubuta a jikinsa tana can inda ba mu da halin komawa.

Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, ta buɗe rajista ta intanet a ranar 28 ga Yuni 2021, sannan ta fara karɓar mutane a ofisoshinta a ƙarshen Yuli. Mu dai ba mu ci moriyar ta intanet ba, domin a farkon Satumba aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, kuma ko bayan dawowar sabis abin da ke gabanmu shi ne kuɗin haya da hatsin da za a sa a tukunya. Da haka watanni suka yi ta shuɗewa.

Ƙanen nawa ne ya fara motsawa, cikin watan Mayu 2022. Ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar da tsohon katinsa a hannu, ya ce, "Yaya, wannan fa? In tafi da shi ko in bar shi?" Na amsa masa ba tare da na tambayi kowa ba, na ce ya ajiye shi ya je ya yi sabuwar rajista a matsayin mazaunin Gusau, don na can ya zama tarihi. Ya yarda da ni saboda ni ne babba, kuma ni ne malamin makaranta a gidan. Ya je ya bi layi, da aka tambaye shi ko ya taɓa yin rajista ya ce a'a kamar yadda na nuna masa, aka ɗauki hotonsa da yatsunsa, ya dawo da silif yana murna.

Ni kuwa sai bayan Babbar Sallah na shirya, lokacin da aka ƙara wa'adi daga 30 ga Yuni zuwa 31 ga Yuli, aka kuma ce za a riƙa aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma har da Asabar da Lahadi. Muna idar da sallar asuba muka fita, ni da Inna da ƙanwata wadda ta cika shekara 18 a farkon shekarar. Duk da haka mun tarar wani saurayi ya riga ya fara rubuta sunaye a fallen takarda, lambarmu ta wuce sittin. Hadari ya taso da hantsi, aka yi yayyafi, mata suka rakuɓe a gindin bango, maza muka tsaya a inda muke don kada layi ya rikice. Wanda ya bar aikin nan sai kwanakin ƙarshe, to ya ɗaura ɗamarar yini guda cur, wani lokacin ma biyu.

Da layi ya zo kanmu ƙanwata ce ta fara zama. Jami'ar ta tambayi cikakken sunanta da ranar haihuwa da adireshi, ta duba takardar haihuwar da muka riƙo, ta ɗauki hotonta, sannan ta shiga ɗaukar yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. Lallen sallah bai gama fita daga hannunta ba, na'urar ta ƙi karɓar manuniyar dama har sau uku. Jami'ar ta goge gilashin da auduga, ta ce ta murza yatsan a gefen hijabinta ta danna a hankali, sai ya shiga. Kafin ta rufe ta juyo da fuskar na'urar ta ce a karanta sunan harafi bayan harafi, kuma a nan muka ga an musanya harafi guda a sunan mahaifinmu, aka gyara nan take. Ko sisi ba a karɓa a hannunmu ba, domin rajista kyauta ce, katin ma haka.

Ni ma na zauna da niyyar in ce ban taɓa yi ba, sai Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da nata tsohon katin ta ɗora a kan tebur. Jami'ar ta dube ni ta ce, "Malam, kai ma kana da irinsa?" Na ce ina da shi, amma na ƙauye ne. Ta ajiye biro ta yi mini bayani dalla-dalla. Katin zaɓe ba ya da ranar ƙarewa, kuma mutum sau ɗaya yake rajista a rayuwarsa. Wanda ya ƙaura, abin da zai nema shi ne sauyin rumfa. Wanda nasa ya ɓata ko ya lalace, ya nemi a sake buga masa. Wanda aka yi wa kuskure a suna, ya nemi gyara. Duk rajistar da aka yi tana bi ta wata na'ura da ke gwada yatsu da fuskoki da na waɗanda ke cikin kundi, kuma idan ta gano mutum ya maimaita, sabuwar ake sokewa. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta ɗauki hakan a matsayin laifi mai tarar da za ta iya kai naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun.

Gabana ya faɗi, domin fuskar ƙanena ce ta faɗo mini a rai. Na koma gida a kan babur na ɗauko katina, muka cike takardar neman sauyi ni da Inna, muka zaɓi rumfar da ta fi kusa da gidan da muke haya. Da daddare na faɗa wa ƙanen nawa abin da na jiyo, na roƙe shi ya koma a gyara, amma a lokacin yana leburanci a wani gini da ke bayan gari, yinin da ya rasa kuwa abincin gidansa ne. Ya ce silif na hannunsa, in sha Allahu ba komai. Ban matsa masa yadda ya kamata ba, kuma wannan shi ne kuskurena na biyu.

A tsakiyar Nuwamba aka kafe sunaye don jama'a su duba su yi ƙorafi. Mutane kaɗan ne suke zuwa wannan mataki, alhali a nan ne mutum zai san matsayinsa tun kafin ranar zaɓe. Muka je tare, na bi takardun da ke manne a bango da yatsa har na ga sunana da na Inna da na ƙanwata. Nasa muka nema shafi bayan shafi, babu. Hukumar ta sanar cewa ta soke rajista sama da miliyan 2.7 a faɗin ƙasa, tasa na ciki, sunansa kuma yana nan daram a rumfar garinmu da ya zama kufai. Bai ce mini komai ba, ya naɗe silif ɗin ya sa a aljihu.

Raba katuna ya fara a ranar 12 ga Disamba a ofisoshin ƙananan hukumomi, a watan Janairu 2023 aka sauko da shi mazaɓu na wasu kwanaki, daga ƙarshe aka rufe a ranar 5 ga Fabrairu. Ba a karɓar wa wani, don haka sai da na sake ɗauko Inna cikin sanyin hunturu, ga ƙarancin takardun kuɗi da ya sa kuɗin Keke Napep ma sai an yi da gaske. Muka miƙa tsofaffin katunanmu aka ba mu sababbi. Na duba jerin lambobin da ke sama: 36 ta Zamfara, sai ta ƙaramar hukuma, ta mazaɓa, da ta rumfa. Tun a ranar na je na gano wurin da ƙafata, domin an ƙara rumfuna a 2021 har suka kai 176,846 a faɗin ƙasa, kuma na ji labarin waɗanda ke zuwa inda suka saba su tarar sunansu na wata rumfar.

Ranar zaɓe, 25 ga Fabrairu, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta kasa karanta yatsun Inna, waɗanda daka da surfe da noma suka goge wa zane, sai jami'in ya ce, "Baba, ɗago fuskarki," ta tantance ta da hoto. Ƙanena ne ya riƙo ta har bakin layi, sannan ya koma gindin darbejiya ya jira mu. Haka ya sake yi ranar 18 ga Maris, a zaɓen gwamna.

Da aka sake buɗe rajista a ofisoshi a ranar 25 ga Agusta 2025, na nemi izini a makaranta, na biya shi kuɗin yininsa daga aljihuna duk da ya so ya ƙi karɓa, muka tafi tare da tsohon katinsa na Maru a cikin leda, ya cike takardar sauyin rumfa ina tsaye a bayansa.