Iskar radon da sanyin asubar hunturu a Zamfara

Radon iska ce da ba ta da launi ko wari, kuma tana fitowa daga ƙasar da muke takawa dare da rana. Asalinta sinadarin yuraniyam ne da ke cikin duwatsu, wanda yake rikiɗewa sannu a hankali ya zama radiyam, shi kuma ya haifar da radon, sannan ta bi ƙananan kofofin ƙasa ta hau sama. Duwatsu masu tauri irin na Kwatarkwashi da kewayen Gusau sun fi ƙasar rairayi ɗauke da yuraniyam a mafi yawan wurare, shi ya sa nake ganin maganar ta shafe mu kai tsaye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda yawanta a iskar da ke dab da ƙasa yake hawa yana sauka bisa ga yanayi. Da rana, idan ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta takan tashi sama ta gauraya da ta can nesa, sai radon ta watse. Da dare kuwa, musamman a hunturu lokacin da sararin sama ya washe kuma iska ta kwanta, ƙasa kan huce da sauri, iska mai sanyi ta zauna a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama, babu mai motsi. Duk wanda ya lura da yadda hayaƙin murhu yake kwanciya a kan gari da asubar hunturu maimakon ya miƙe sama, ya ga wannan lamari da idonsa. A nan ne radon take taruwa, ta kai ƙololuwarta gab da fitowar rana, ta yi ƙasa sosai da la'asar.

Damina tana da nata hukuncin. Ruwa mai yawa yakan cika kofofin ƙasa ya toshe wa radon hanya, ga kuma iskar damina da ke tasowa daga tekun Atlantika, wadda ba ta ɗauke da radon sosai domin teku ba ya fitar da ita kamar tudu. Raguwar matsin iska kuma yakan zuƙo ta daga cikin ƙasa.

A fili dai babu abin tsoro, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawanta a waje yakan tsaya tsakanin bekerel (ma'aunin da ake auna yawan radon da shi) 5 zuwa 15 a kowace kubik mita ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai tsawo, faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya. Damuwata tana kan wuraren da iska ba ta zagayawa. Hukumar ta ba da shawara a 2009 cewa kada ma'aunin cikin gida ya wuce 100, idan hakan ya gagara kada ya haura 300, kuma ta sanya radon cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu bayan taba sigari, haɗarin kuma ya fi tsanani ga mai shan tabar. To a daidai daren hunturu ne muke toshe tagogi da tsumma, mu kwanta a kan tabarma dab da daɓen da wataƙila ya tsattsage. Masu haƙar zinariya a Anka, Bukkuyum da Maru kuwa suna wuni cikin ramuka masu zurfi da ba su da mashigar iska, kuma gubar dalma ta 2010 ta riga ta nuna mana tsadar sakaci da abin da ido ba ya gani.

Tunda rabin duk radon da ta fito yakan rikiɗe cikin kwana 3.8, ɗakin da aka liƙe tsagun daɓensa da siminti, kuma ake buɗe ƙofa da tagoginsa da hantsi, ba zai tara ta da yawa ba. Wanda kuma zai auna radon a gida ko rami, ya bar na'urar awon ta yi aƙalla wata uku a wurin, kuma ya haɗa da hunturu, domin awon la'asar ɗaya a damina zai ba shi adadin da ya gaza gaskiyar abin da mutane ke shaƙa.