Yadda ake bin gwamnati bashin alƙawarin da ta ɗauka

Ɗan firamare a Gummi ko Ƙaura Namoda ya haddace taken da ke ƙasan tambarin Nijeriya: haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. Kundin tsarin mulki na 1999 ma ya faɗa a sashe na 14 cewa tsaron jama'a da jin daɗinsu ne babban dalilin kafa gwamnati. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Zurmi ko Maradun ya fi kowa sanin tazarar da ke tsakanin wannan rubutu da abin da ke ƙasa.

Ƙannena, kuskuren da mu na gabanku muka tafka shi ne zaton cewa tunda an rubuta, kotu za ta karɓo mana. Ba haka ba ne. Waɗannan alƙawura, har da na ilimi kyauta a sashe na 18, suna babi na biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana alƙali tilasta wa gwamnati cika su. Mun ɓata shekaru muna karanta su a taruka ana tafi, rufin aji na nan yana yoyo.

Abin da ke da haƙori shi ne dokar da majalisa ta yi a kan alƙawarin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai dai jiha ba ta ɗaukar kasonta daga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, sai ta ajiye daidai wannan adadi daga aljihunta. A nan kuɗin ke maƙalewa. Saboda haka idan kun ga yara zaune a ƙasa, tambayar da za ku yi ita ce: jiha ta biya nata kason na bana? Makarantarmu na cikin jerin ayyukan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha?

Kuma ku yi tambayar a rubuce. Mu da baki muka riƙa yi, a ce mana "ku dawo jibi", mu dawo hannu rabbana. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, tana iya ƙara wasu bakwai, kuma ba sai kun faɗi dalilinku ba. Ku rubuta takarda kwafi biyu, ku ambaci sunan makaranta, shekarar kasafi da takardar da kuke nema, kamar sunan ɗan kwangila da kuɗin da aka biya shi. Ku tsaya sai an buga wa kwafinku hatimi da kwanan wata. Ba hatimi, ba shaida, gobe a ce ba a taɓa ganinku ba. In aka hana ku, kwana talatin gare ku ku kai ƙara. Tambaya mai faɗi irin "ina kuɗin ilimi?" ba ta samun amsa.

Wani wurin da muka yi sake shi ne zaɓen fitar da gwani. Mun ɗauka ranar zaɓe ce komai, alhali an gama rabon tun a gunduma. Zamfara ta gani a 2019, da Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya saboda ba ta yi zaɓen fitar da gwani ingantacce ba. Tun 2018 mai shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai, amma sai yana da katin jam'iyya kuma sunansa na cikin rajistar gundumarsa. Ranar zaɓe kuwa, kada ku tafi gida da kun jefa ƙuri'a. Ku jira a ƙirga a gabanku, a cike takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ku ɗauki hotonta da waya kafin a wuce da ita cibiyar tattara sakamako.