Ƙaurin da ya sa na kwance wayoyin Fijon Baba

Wata Alhamis cikin hunturun bara muka bar ƙauyenmu na ƙasar Taura bayan sallar asuba, ni da Baba, za mu kasuwar Maigatari. Hazo ya sauko, iska kuma tana shiga ta kowace kafa. Baba na gefena ya ƙudundune cikin mayafi, ya miƙa ƙafafunsa gaban 'yar hitar da ƙanena ya sayo masa a Kano, irin wadda ake sokawa a ramin kunna taba. Mun wuce Gujungu kaɗan sai ya ce, "Kai, dakata. Wani abu na ƙonewa." Na gangara gefen titi, na kashe mota, na ɗaga bonet na fizge kan batir. Da na leƙa ƙasan dashbod, siririn hayaƙi ne ke tashi, robar wata waya ta narke tana ɗiga a kan tabarmar ƙafa.

Motar Fijo 504 ce, haɗin Kaduna. A Faransa aka fara fitar da irinta a 1968, a Kaduna kuma aka fara haɗa Fijo a 1975. Baba ya saye ta na hannu tun ba a haife ni ba, kuma ita ta kai kusan kowace amarya ta gidanmu ɗakinta. Injinta lafiya lau. Wayoyinta ne suka sha hannu.

Na yi niyyar canza wayar da ta ƙone kawai. Amma da muka kai ta wurin wani dattijo mai riwaya a Ringim, ya kwance dashbod, sai jikina ya yi sanyi. Duk wanda ya taɓa motar cikin shekarun nan ya bar nasa a ciki: wayar rediyon kaset da aka cire tuntuni tana lilo da bakinta a buɗe, wayar ƙarin hon, ta fitilar hazo, ta fankar da aka taɓa ɗaurawa lokacin bazara, ta cajin waya. Kusan dukansu an feɗe robar wata waya ne an murɗa su a kai an naɗe da salatif, salatif ɗin kuma ya bushe ya saki. Har da farar waya irin ta gida. A gidan fis, biyu daga ciki babu fis, an naɗa zaren waya a madadinsu.

Dattijon ya ɗaga ɗayan ya nuna min. Ya ce, "Ɗana, ka san aikin fis? Waya yake karewa. Shi ake so ya mutu kafin ita. In ka sa masa abin da ba ya tsinkewa, to wayar ce za ta zama fis ɗin."

Lissafin ba wuya. A jikin hitar an rubuta wat 150. Raba shi da bolt 12 na mota, ka sami amfiya 12 da rabi. Wannan wutar ce take bi ta tsohuwar waya siririya da aka yi don a kunna taba na 'yan daƙiƙu, ga mu mun bar ta tana ja kusan rabin awa. Kuma duk inda aka murɗa waya ba a matse ba, ko tsatsa ta kama, nan wuta ke shan wahalar wucewa, nan zafi ke taruwa. Daidai kan irin wannan ƙullin ta narke. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne, duk da wannan haɗarin, wat 150 ba ya ɗumama mota. Tafin ƙafar Baba kawai yake taɓawa.

Kwana uku muka yi. Dokar dattijon ita ce a cire duk abin da ba da shi motar ta zo ba, sannan a ga me ya rage. Ni ke riƙe da fitila da biro, ina manna takarda a bakin kowace waya kafin a zare ta. Nan na koyi cewa wayoyin Fijo na asali suna ɗauke da lambobi, don haka in ka goge dattin ka karanta, za ka iya bin kowacce har inda ta nufa. Abin da muka cire ya cika ƙaramin bokiti. Inda ya zama dole a haɗa, ya sa dalma ko ya matse da kan waya, babu murɗawa. Muka kankare wurin atin na batir da na inji, wato inda wayarsu ke haɗuwa da ƙarfen jikin mota, har ƙarfe ya yi fari, sai ga fitilun gaba da muka daɗe muna zargin tsufa sun ƙara haske. Ya sa musu rile, wato ɗan makunnin da ke ɗauke wa madannin fitila nauyin wuta, da fis nasu kusa da batir. Sannan ya cire kan batir na atin, ya sa ƙwan gwaji tsakani, komai a kashe. Bai kama ba, alamar babu abin da ke shan batir a ɓoye. A da, in motar ta kwana uku ba a tayar ba, sai an tura.

Sai maganar ɗumi. Ya kai hannu bayan inji ya nuna min wani guntun tiyo da aka lanƙwasa, ya fito daga inji ya koma inji. Ashe motar da hitarta ta zo. Wani ɗan ƙaramin lagireto ne a ɓoye ƙasan dashbod, ruwan zafin inji ke ratsa shi, fanka ta huro iska ta cikinsa. Zafin da inji ke zubarwa a banza ne, ba ya cin batir sai abin da fankar za ta ja. Wani ne can baya ya yanke shi, wataƙila don ya fara yoyo, wataƙila don ganin cewa ƙasar zafi ce. Na fahimce shi. A watan Afrilu ba wanda zai tuna da hita a Jigawa. Amma wanda ya taɓa fita da asuba a Janairu, gilashi ya yi raɓa daga ciki ba ka ganin gabanka, ya san amfaninta.

Muka fito da shi, muka tura ruwa ta baya, laka ja ta yi ta fita. Mai gyaran lagireto ya toshe huda ɗaya. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na sayo sabon tiyo da tamostat, don shi ma an cire shi, kamar yadda aka saba yi a nan da sunan maganin zafin inji. Ban yarda da wannan al'adar ba. Tamostat yana tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, kusan digiri 80, sannan ya buɗe. In babu shi, da sanyin safiya injin ba ya ɗumama da wuri, ya ƙara shan mai, hita kuma ta huro iska mai sanyi. In mota na zafi, a duba lagireto da fanbel da famfon ruwa.

Alhamis ta gaba muka sake kama hanya. Kafin Gujungu allurar zafi ta ɗaga, na ja madannin hita. Wani warin tsohuwar ƙura ya fara fitowa, sannan ɗumi ya biyo baya, raɓar gilashi ta soma janyewa daga ƙasa. Baba bai ce komai ba har muka kusa Gumel. Can ya sauke mayafin daga kafaɗarsa ya ninke a cinya, ya ce, "Haka take yi lokacin da na saye ta. Na manta."

Wayoyin fitilun baya ba mu taɓa su ba tukuna. Robarsu ta bushe, tana karyewa in ka lanƙwasa. Na yi wa dattijon alkawarin mayar masa da ita bayan an gama sussukar gero.