Na Je Jego Bankok

Makon jiya na dawo daga Tailan, har yanzu barcina bai koma daidai ba, don sun riga mu da awa 6. 'Yar yayana ce ta haihu a Bankok. Mijinta na harkar tura wa 'yan kasuwarmu kaya daga Pratunam, babbar kasuwar tufafi ta Bankok, uwarta kuma ga ciwon ƙafa, sai aka ce Goggo ce za ta je jego. Ta Adis Ababa muka bi daga Kano. Mai niyyar zuwa ya riƙe katin rigakafin shawara a hannu, don sai an duba shi kafin a buga fasfo. Wanda ya duba nawa ko kallo ban ishe shi ba, da ɗan yatsa ya turo min abina.

Na tafi da gero da kanwa da kuka da daddawa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ganyen wanka. Gidan nasu can saman bene yake, ba tsakar gida, ba murhu, kicin ɗin ko mutum biyu ba ya ɗauka. Mai jego ta ce, "Goggo, a nan fa sai dai ruwan zafi na famfo." Na ce ba da ni ba.

Allah Ya haɗa ni da maƙwabciyarsu, wata dattijuwa Musulma 'yar ƙasar, daga unguwannin da ke bakin magudanar Saen Saep, inda Musulmi suka daɗe da zama. Ba ta jin Turanci, ni ma nawa ba yawa, da hannu da hoton waya muka fahimci juna. Da sassafe ta ja ni kasuwar unguwa, sai ga darbejiya ɗaure-ɗaure har da furenta a cikin kayan miya! Ashe ci suke yi. Su ɗan tsoma ta a tafasasshen ruwa, su haɗa da gasasshiyar tarwaɗa da wani romo na tsamiya da sukari da ruwan kifi. Da dattijuwar ta gane abin da zan yi da ita, ta yi ta dariya tana gyaɗa kai. Su ma suna da nasu jegon: a da mai haihuwa kwana da kwanaki take yi kwance kusa da wuta, tana shan ruwan ɗumi, ana gasa mata jiki da ganyaye. Washegari ta kawo min babbar tukunya da damin ciyawar lemun tsami, ta ƙi karɓar ko sisi. Na dama mata kunun kanwa, ta shanye, amma daddawa sau ɗaya ta sansana ta ajiye. Mutanen da ke zuba ruɓaɓɓen jatan lande a miya!

Mutanen Bankok ba su damu da ɗora tukunya ba. Da yamma za ka ga ma'aikaciya ta sauko daga jirgin ƙasa da ledoji a hannu, miya daban, shinkafa daban, kowace an ɗaure bakinta da roba, abincin gidan ke nan. Da farko na ga lalaci ne. Da na ga farashin, na ga girman kicin, sai na yi shiru. Sai dai alade ya cika titi. Angon ƙarni ya ja min kunne kada in saya sai inda na ga tambarin halal ko mai hijabi a bakin tukunya. Wurinsu na saba da khao mok gai, shinkafa rawaya da kaza, da bat 60, kuɗin ƙasar, na ƙoshi. Akwai roti, wata soyayyar gurasa, da ayaba da madara, akwai shinkafa mai danƙo da mangwaro. Sukari dai sun yi masa yawa, har a miya. Na ga soyayyar fara kamar ta gida, amma an jera ta da kunama da tsutsa, na wuce. Wani abin haushi kuma, shinkafar da muke kira 'yar Tailan, wadda ake turarawa kafin a casa, ban gan ta a faranti ko ɗaya ba. Mai ƙamshin suke ci, waccan ta fitarwa ce.

A Pratunam ciniki da kalkuleta ake yi. Mai shago ta danna, ki danna, in kin ɗauki uku zuwa sama ta ba ki farashin sari. Ni da na saba da Kantin Kwari, na yanka rabi na juya baya ina jiran a kira ni. Ba wanda ya kira. Ba "albarka", ba rantsuwa, murmushi kawai ta yi ta janye kalkuletarta. Ɗaga murya a wurinsu abin kunya ne, kuma ladabin ya burge ni, amma ciniki ba hayaniya ba ya min daɗi. Masu tuk-tuk, wato adaidaita sahunsu, kam, in sun ga baƙuwa, kuɗinsu ya fi na tasi.

Ƙarfe shida na yamma a tashar jirgin ƙasa aka sa taken ƙasa, kowa ya tsaya cak. Takardar asibitin jaririyar kuma shekararta ta wuce tamu da 543, lissafin addinin Buda ne.

Mun leƙa Chatuchak, babbar kasuwar ƙarshen mako, ranar Asabar, zafi ya koro ni. Mun je Maeklong inda jirgin ƙasa ke ratsa tsakiyar kasuwa, masu rumfa su naɗe rumfunansu ya wuce su mayar. Durian, ɗan itacen nan nasu mai ƙaya da wari, sau ɗaya na ɗanɗana.

Masu jiran tsaraba a yi haƙuri, kayan suna kago, angon ƙarni ya ce sai wata mai kamawa.