Ƙayar da ta raɗa wa gorse suna

A kan dutsen Arthur's Seat da ke cikin birnin Edinbura a ƙasar Sikotilan na fara ganin tsiron gorse, ya lulluɓe gangaren dutsen da fure ruwan ɗorawa mai ƙamshi irin na kwakwa. Na kai hannu zan tsinki fure ɗaya, sai na janye ba shiri, domin abin da na ɗauka ganye ne ashe ƙaya ce zalla, koriya shar, mai tsini kamar allura.

Turawan Ingila suna kiransa gorse, kuma kalmar ta samo asali ne daga gorst ta tsohon Ingilishi. Masana asalin kalmomi suna danganta ta da wani tushe daɗaɗɗe mai ma'anar abin da ya miƙe tsaye da tsini, tushen da suke ganin shi ne ya haifi Gerste, sunan sha'ir a Jamusanci, saboda gashin nan mai kaifi da ke kan zangarniyarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne, daga wannan gida ake jin kalmar Latin horrere ta fito, wadda ta ba Ingilishi horror, wato tsoron da ke sa tsikar jiki ta tashi. A ganina, wanda ya fara raɗa sunan bai damu da kyan furen ba, makiyayi ne ko manomi da ƙayar ta sha sukarsa a ƙwauri.

Tsiron yana da wasu sunaye biyu: furze a kudancin Ingila, daga fyrs ta tsohon Ingilishi, da kuma whin a arewa da Sikotilan. A 1753 Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya rubuta shi da sunan kimiyya Ulex europaeus.

Tsiron ɗan dangin wake ne, wato danginsa ɗaya da bagaruwarmu, wadda ita ma ƙaya gare ta da fure rawaya, kuma ita ma suna fiye da ɗaya take amsawa, tun da wasu gabaruwa suke cewa. A da can, masu gashin burodi da shi suke hura tanda saboda saurin kama wutarsa, manoma kuwa sukan daddake ƙayar su ba dawaki a lokacin hunturu. Idan rana ta take, ana jin ƙarar kwanson 'ya'yansa yana fashewa yana watsa iri.