Tsohon rubutun umarni da alamar ^

Makon jiya wani mai shagon buga takardu da ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi ya kira ni, domin rubutun umarnin kwamfuta da ke haɗa masa lissafin wata ya ƙi aiki tun da ya sauya kwamfuta. Da na duba, sai na tarar an tsara shi da salon Bourne shell, wata tsohuwar manhaja mai karanta umarni ta aiwatar da shi, wadda ta fito a 1979 tare da babbar manhajar sarrafa kwamfuta ta Unix Version 7. A can alamar ^ tana miƙa sakamakon umarni ga na gaba kamar yadda alamar | ke yi, ma'anar da bash da dash, manhajojin da ke yin wannan aiki a kwamfutocin yanzu, ba su sani ba. Ni kuwa ba na son taɓa abin da ya daɗe yana aiki, saboda haka na girka Heirloom Bourne Shell, manhajar da ke bin tsohon salon, na gyara layin farko na rubutun kaɗai, wanda ke faɗin manhajar da za ta karanta shi, lissafin ya fito kafin la'asar.